Yadda Aka Rubuta Babanku Ɗan Hure

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina kicin ina kwashe shinkafa na ji Habibu yana gaya wa matarsa cewa Kaka ba ta taɓa son babansu ba, wai ta haife shi ta miƙa wa wata, har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba. Ban ce komai ba a ranar, don gida cike yake da baƙi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Kai Habibu, lokacin da abin ya faru kana wani gari wajen koyon aiki, rabin labarin ka ji. Samira ta ga farkonsa da ƙarshensa, ba ta ga tsakiyarsa ba. Ni kaɗai na rage wadda ta ga duka, shi ya sa na keɓe wa shekarar nan wuri nata a cikin abin da nake rubuta muku, shekarar da Inna, mahaifiyar babanku, ta zo Lyon aka yi mata aikin ido.

Sai na fara gaya muku irin matar da nake, don ku gane abin da ya kai ni yin abin da na yi. Ni a Damagaram na tashi da littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda fatake ke kawowa daga Kano a ƙasan buhunan atamfa. Nakan saya, in ara, in ɓoye a cikin tukunyar da ba a girki da ita. A cikin littattafan nan kowa yana faɗin abin da ke ransa. Saurayi zai tsaya a zaure ya yi shafi uku yana bayanin yadda zuciyarsa ke tafasa, budurwa ta amsa masa da shafi huɗu. Na ɗauka haka duniya take. Sai Allah ya haɗa ni da babanku, mutumin da in ya zo zance yakan zauna ya tambayi lafiyar kowa a gidanmu har awaki, ya yi shiru, ya sake tambayar awakin, ya tashi. Na yi kuka na ce wannan ba ya sona. Sai da muka zo Faransa, na ga yadda yake tashi ya tafi tuƙa tram, jirgin ƙasa na cikin gari, cikin sanyin da ke fasa leɓe, ya dawo da ƙafafu a kumbure, amma bai taɓa shigowa gidanmu na Bron, a gefen Lyon, ba tare da ya riƙo mini wani abu ba, ko da burodi mai zafi ne ya sa cikin rigarsa don kada ya huce. A hankali na iya karanta shi. Amma son jin magana a fili bai bar ni ba, har yau da furfura ta gama da kaina.

Inna ta sauka wajen Laminu, ƙanen babanku, a Stains kusa da Paris, ta huta, sannan aka kawo mana ita. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, sai dai ta ga inuwar mutum. Doguwa ce, ba ta da ƙiba, tana zama a miƙe kamar an ɗaura mata sanda a baya, kuma ban taɓa ganin wanda yake cin abinci da tsabta irin tata ba. Shekara kusan talatin da aurena amma Amarya take ce mini. Kafin aikin, da ta ga zaman ya yi mata tsawo, sai ta ce in riƙa karanta mata abin da nake karantawa. Na ji kunya, na ɗauko littafin addu'o'i.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Wanda nake jin kina sheshsheƙa a kansa in kin gama wanke-wanke."

Haka muka fara. Kullum bayan azahar ina ƙasa kan darduma, tana kan kujera da carbinta, ina karanta mata. Ba ta barin shafi ya wuce lafiya.

"Tsaya, Amarya. Ita wannan yarinyar ba ta da uwa ne? Tana gaya wa namiji ba ta iya barci?"

"Inna, so ne."

"Yunwa dai. A ba ta fura ki ga in ba ta yi barci ba. Ci gaba, me ya ce mata?"

Ba ta taɓa yarda ta ce labarin ya yi mata daɗi ba, amma in na makara sai ta aiko a ce wai ko waccan marar kunyar ta auri ɗan kasuwar. Ban san wata matar ɗa da ta samu irin wannan wajen uwar mijinta ba. Na fi kowa sanin darajarsa.

Da babanku kuwa, abin da kuka gani shi ne. In ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, takan amsa tana duban wani gefe, ta tambayi aiki a taƙaice, shi ke nan. Ba ta kiran sunansa. Yaron nan take cewa, ko wancan, ko ɗan Hure. Ku da aka haifa a nan kun ga abin kamar ƙiyayya. A wajenmu ba haka ba ne. Babanku ɗan fari ne, kuma mace ta gari a zamanin su Inna tana kunyar ɗanta na fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Sau da yawa ma da an yaye shi sai a ba wata a dangi ta riƙe. Shi Gwaggo Hure aka ba, yayar mahaifinsa, wadda Allah bai ba haihuwa ba, a gidanta na unguwar Birni ya girma. Duk wanda ya tashi a can ya san wannan, ba abin da ake bayani ba ne. Kuskurenmu ni da babanku, in kuskure ne, shi ne mun ɗauka ku ma kun sani.

A shekarar Samira tana jami'a nan Bron, sai ta kamu da son wani shafin intanet da ake jera dangi a ciki, reshe-reshe kamar itace, kowa da gurbinsa, da hotonsa in akwai. Ta ce kafin tsofaffi su ƙare sai ta tattara asalinmu. Na ji daɗi ƙwarai. Wata rana ta zauna gaban Inna da kwamfutarta a cinya, ina jin su daga kicin.

"Kaka, ki lissafa mini 'ya'yanki, daga babba."

"Ke baturiya, 'yan sanda ne suka aiko ki? To rubuta. Laminu. Hadiza. Sa'a, ta rasu. Ali."

"Baba fa?"

"Wannan ɗan Hure ne."

"A ina aka haife shi?"

"Ki tambayi dangin ubansa. A gidan Hure dai aka yi suna, a Birni, shekarar da aka yi sabon masallacin unguwar."

Na yi murmushi a kicin, don amsar da kowace tsohuwa za ta bayar ke nan. Ban san Samira tana rubuta maganar yadda ta fito ba. Ta sa Gwaggo Hure a gurbin uwa. Da ta zo kan suna, sai ta tarar shafin na Turawa ne, gurbi biyu kawai ya tanada a farkon rayuwar mutum, na haihuwa da na baftisma, wato wankan da ake yi wa jarirai a coci. Ba wurin raɗin suna. Ta ga shi ne mafi kusa, ta zuba gidan Hure da shekarar a ciki, ta bar gurbin haihuwa fayau tunda ba a gaya mata ba. Shi kuma shafin, ashe in ya ga gurbin haihuwa ba komai, sai ya ɗauko abin da ke cikin na baftisma ya liƙa a ƙarƙashin sunan mutum a matsayin haihuwarsa. Haka aka wayi gari, a gaban duk dangin da Samira ta aika wa, daga Saint-Denis har Yamai har Kano, babanku ɗan Hure ne, an haife shi a ɗakinta a Birni, kuma an yi masa baftisma a can. Reshen Inna kuwa ya fara daga Laminu.

Dariya aka fara yi. Maƙwabciyarmu Maman Lidiya, Kirista ce daga wajen Zariya, mijinta yana koyarwa a jami'a, ta tare ni a bakin lif tana riƙe ciki.

"Maman Samira, ashe Alhaji namu ne kuka ɓoye mana shekara da shekaru? Ranar Lahadi ki turo mana shi, akwai wuri a layin gaba."

"Sai dai ku zo ku ɗauke shi da kanku, ni na gaji da shirunsa."

Da yamma Laminu ya bugo waya, babanku ya sa a lasifika muna cin abinci.

"Yaya, barka da yamma, ya gida, ya Inna? To, na ga takarda ta fito. Ashe ni ne babba. Daga yau ni za a riƙa durƙusa wa, kai ɗan gwaggonmu ne kawai."

Babanku ya yi dariya tare da shi. Samira ta ce ba laifinta ba ne, c'est le site, wai laifin shafin ne, ita ba ta ce an haife shi a can ba. Na ce to ta gyara, ta mayar da shi wajen uwarsa. Sai yarinyar nan ta kafe, kun san ta. Ta ce gurbin baftisma za ta iya sharewa, amma na uwa ba za ta taɓa ba, don Kaka da bakinta ta faɗa, kuma ita ba ta rubuta abin da mai shi bai ce ba. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari har na gaji. Ta ce in al'ada ce, to Kaka ta ce al'ada ce, ta faɗi gaskiyar sau ɗaya. Babanku ya ɗaga hannu.

"A bar shi haka. Hure ta cancanta."

Na ɗauka maganar ta mutu. Wata Lahadi da rana, an riga an yi wa Inna ido ɗaya tana barci a ɗaki, na fito na same shi zaune gaban kwamfutar falo, shi da ko saƙon waya sai Samira ta rubuta masa. Ya buɗe shafin. Ba sunansa yake kallo ba, reshen Inna yake kallo, 'ya'ya huɗu a jere ƙarƙashin hotonta. Na tsaya a bayansa na dafa kujerar.

"Na san al'ada ce," ya ce. "Ba sai an gaya mini ba. Na san ita ta haife ni. Amma tun ina yaro, in ta zo gidan Hure, nakan zauna kusa da ƙofa ina jira ko za ta yi kuskure. Sau ɗaya kawai, bakinta ya suɓuce. Na haura hamsin, ba ta taɓa yi ba."

Ya rufe kwamfutar. Sannan ya juyo ya dube ni sosai, don ya san matar da ya aura.

"Kada ki gaya mata. Kin ji ko? Kada ki sa tsohuwa ta ji kunya a ƙasar mutane."

Na ce to. A raina kuwa tuni na fara tsara yadda za a yi a littafi: uwa ta rungume ɗanta, ta kira sunansa sau uku, kowa ya yi kuka. Na kwana da wannan hoton makonni. Na kuma san abin da zan iya rasawa, don ba yarinya ba ce ni. Matar ɗa ba ta shiga tsakanin uwar miji da ɗanta na fari, ko a hanya ba ta bi ta kusa da maganar. Amma aka yi ido na biyu, ya warke, bizar Inna ta kusa ƙarewa, kuma shekarunta sun kai inda ba a cewa sai wani zuwan. In ta hau jirgi, shi ke nan, mijina zai mutu yana zaune kusa da waccan ƙofar.

Ni aka ce in raka ta Paris a jirgin ƙasa, ta yi kwanakinta na ƙarshe wajen Laminu, babanku da Samira su biyo mu ranar Asabar da za a yi mata walimar ban kwana. Ranar tafiyar, Inna tana cikin farin ciki. Idonta sabo, ta manne da taga kamar yarinya, komai sai ta yi magana a kansa.

"Amarya, dubi shanunsu. Ko tozo babu. Wa ya danne su haka?"

Na buɗe mana dambun nama, muka ci. Na bari sai da muka yi nisa, gonaki suka miƙe ba gari, sannan na sunkuyar da kai na ce ina da magana, ta yafe mini kafin in faɗa. Na gaya mata abin da shafin ya nuna, da yadda dangi suka gani. Ta ce ai wasan yara ne, kowa ya san gaskiya. Na ce jikokinta ba su sani ba, kuma 'ya'yansu abin da aka rubuta za su tarar. Ta gyara mayafinta.

"Amarya, tun da kika shigo gidanmu, na taɓa tambayarki abin da ke tsakaninki da mijinki?"

"A'a, Inna."

"Ke kina kiran sunansa?"

"A gaban mutane ba na kira."

"To."

"Amma in mu biyu ne ina kira, Inna. Har da waɗansu sunayen da na samo a littafi."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. "Allah ya shirye ki," ta ce. Da na tsaya a nan, da mun sauka Paris muna dariya. Ban tsaya ba. Na gaya mata abin da ɗanta ya ce ranar Lahadin, kalma da kalma, da ƙofar gidan Hure, da jiran da ya yi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta juya ga tagar, ta ajiye sauran dambun a kan takardarsa, ba ta ƙara cewa komai ba har muka shiga tasha. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na miƙa hannu in riƙe ta, ta kama ƙarfe. Kwanakin da muka yi a Stains kafin Asabar, gaisuwar safe kawai ke haɗa mu. Na tabbata na yi asarar ta, kuma ban samo wa mijina komai ba.

Ranar Asabar gidan Laminu ya cika. Matan Maraɗi da na Tawa, da maƙwabtansu 'yan Cadi, kowa da saƙon da za a kai gida, takalma sun toshe ƙofa har waje. Babanku da Samira suka iso da hantsi. Bayan la'asar baƙi suka ragu, aka bar mu mu kaɗai sai tsofaffi biyu ƙawayen Inna. Babanku yana zaune can bakin ƙofar falo da hularsa a gwiwa. Sai Inna ta ce:

"Ke baturiya, ɗauko allon nan naki."

Samira ta ɗauko, ta zauna a ƙasa. Inna ta juya kujerarta da kanta har ta fuskanci bango, ta ba mu baya, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta. Muryarta ba ta yi rawa ba, sai dai ta yi ƙasa, har Laminu ya kashe talabijin.

"Rubuta. Ba a Birni ba ne. A garinmu ne, gabas da Matamai, na je goyon ciki gidan iyayena. Ɗakin uwata, wanda ke bayan rumbu. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Ranar kasuwa ce, maza duk sun tafi. Ruwa ake yi tun safe, ɗakin yana yoyo, uwata ta tara ƙwarya kusa da kaina. Da ya zo bai yi kuka ba. Ungozoma ta jijjiga shi, shiru. Sai ta ɗebi ruwan ƙwaryar nan ta watsa masa, ya tsala ihu. Aka yi guɗa. Ni na juya fuskata bango, yadda aka koya mini. Da suka fita kai labari, na juyo na dube shi."

Ana jin yatsun Samira sun tsaya.

"Na daɗe ina dubansa. Wannan ba sai kin rubuta ba."

Ta ce ruwa ya yanke hanya a makon, dangin uba ba su iya zuwa ba, shi ya sa aka yanka rago a Birni a gidan Hure, aka raɗa suna a can jaririn yana ƙauye. Ita sunan ma a bakin wani mai raƙumi ta fara jin sa, wanda aka aiko da goro da cinyar ragon. Ta ce ranar da Hure ta zo ɗaukarsa bayan yaye, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ba ta dawo ba sai da suka yi nisa, kuma duk garin aka yaba mata, aka ce ga 'yar mutunci mai kunya.

"Tulun ma a can na manta shi," ta ce.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce Allah sarki, ta share ido. Samira tana kuka a fili, hanci da ido, amma ba ta saki aikinta ba.

"Kaka, gurbin uwa. Wa zan sa?"

"Sa sunana. Amma kada ki cire Hure. Ita ta yi jinyarsa da ƙyanda, ita ta kai shi lakwal karatun boko, ita ta yi masa aure. In allon naki ba ya ɗaukar uwa biyu, ki mayar wa masu shi."

"Yana ɗauka, Kaka. To sunan jaririn fa? Me zan rubuta?"

Na gane dabarar yarinyar. Zuciyata ta ce ga shafin da nake jira ya zo. Inna ta ɗan waiwayo, ido ɗaya a waje.

"Ke ba ki san sunan ubanki ba?"

Falon ya fashe da dariya, har masu kukan. Laminu ya ce shi ke nan, an sauke shi daga sarauta tun bai ɗana ba. Ba ta faɗa ba, Habibu. A nan ka yi gaskiya, har ta rasu ba ta faɗa ba. Amma ina so ka san abin da matar nan ta yi a ranar. Mace ce da ta riƙe abu ɗaya fiye da shekara hamsin, abin da aka yaba mata a kansa tun tana da ƙuruciya, wanda a ganinta shi ne mutuncinta. Ta zauna a gaban 'ya'yanta da jikarta da matan 'ya'yanta da ƙawayenta ta buɗe ɗakin haihuwarta. Ku ba za ku ji nauyin wannan ba. Ni na ji, don na ga bayan wuyanta yana zufa a ɗakin da ba zafi. Na karanta jarumai mata da yawa, masu tsallake katanga da masu ƙin cin abinci saboda so, ban ga wadda ta kai ta ba.

A wurin Samira ta cike gurbin haihuwa, ta share na baftisma, ta buɗe wani da kanta ta sa masa suna Raɗin Suna, ta rubuta gidan Hure a ciki. Haka yake har yanzu, kuna iya dubawa. Uwa biyu ne a saman babanku.

Abin da na rasa kuwa, Inna ce. Ba ta yi fushi da ni irin na zagi ba, har turare ta aiko mini daga baya. Amma na ga abin da bai kamata matar ɗa ta gani ba, kuma ni na jawo, ta sani, na sani. Daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da ni ba. In na buga waya Damagaram, sai gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya sanyi, a gaida mutan gida, ta miƙa wa Hadiza. Ba ta ƙara ce mini Allah ya shirye ki ba. Littafin da muke karantawa mun tsaya a tsakiyarsa, ban iya ƙarasa shi ni kaɗai ba. Da muka je ganinta shekarar da za ta rasu, na shiga ɗakinta, ta jawo mayafi ta rufe fuska kamar baƙo ne ya shigo. Na yi kewarta tana da rai, kuma kewar mai rai ta fi ciwo. Na sha tambayar kaina ko da na sani zan sake. Ban taɓa iya yanke hukunci ba, sai dai in gaya muku abin da na tarar a bayan ƙofa.

Ranar walimar, lokacin da ake dariyar nan a falo, na duba bakin ƙofa, babanku ba ya nan. Na fita. Na same shi a matakalar bene, tsakanin hawa da hawa, zaune kan siminti da manyan kayansa, yara suna ta wasan ƙwallo a ƙasa ana jin ihunsu ta tagar. Na zauna a matakin da ke ƙasa da nasa. Bai dube ni ba.

"Ke kika gaya mata."

"Ni ce."

"Na hana ki."

"Ka hana ni."

Ya juya hularsa a hannu, ya sake juyawa. Na jira faɗan, na shirya masa. Sai ya ce:

"Takardar haihuwata ta ce ɗaya ga Janairu. Duk rayuwata na ɗauka cikin sanyi aka haife ni."

"Damina ce."

"Damina," ya ce. "Gero ya fara fitar da kai." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai koyon karatu. "Kin ji ta ce ta juyo?"

"Na ji."

"Ta ce ta daɗe."

Ƙofa ta buɗe a sama, matar Laminu ta leƙo.

"Yaya, Inna ta ce a gaya wa yaron nan ya shigo, tuwonsa yana hucewa."

Ya share fuskarsa da hular, ya sa ta a kai, ya miƙe. Ya miƙo mini hannu ya tashe ni, a matakalar mutane, inda kowa zai iya gani. Sannan ya hau da sauri, yana tsallake mataki, mutumin da gwiwoyinsa suka daɗe da gajiya.